Ranar da Tsoffin Fayilolina Suka Ƙi Buɗewa

Wani mutum da na yi wa aikin zanen motsi shekarun baya ya dawo yana so a sabunta masa shi, a canja rubutun da ke ƙarshe kawai, sauran a bar shi yadda yake. Na ɗauka aikin rabin awa ne. Da na buɗe shi a sabuwar manhaja, sai na tarar wasu fayilolin bidiyon da aka gina aikin a kansu sun zama layukan launi, alamar manhaja ba ta iya karanta su. Ga fayilolin nan a cikin jakarsu, girmansu bai ragu ba, kowanne da .mov a ƙarshen sunansa, amma ko ɗaya bai shigo ba.

A daren nan na fahimci abin da na daɗe ina ji ban ba shi muhimmanci ba: .mov mazubi ne kawai. Abin da ke ciki, wato kodek ɗin da aka matse hoton da shi, shi ne ke sa fayil ya buɗe ko ya ƙi. Fayil biyu na iya zama da suna iri ɗaya, ɗaya na ɗauke da ProRes ya buɗe lafiya lau, ɗayan na ɗauke da Cinepak na farkon shekarun 1990 ko Sorenson da ya zo tare da QuickTime 3, manhajar bidiyo ta Apple, a 1998, ya tsaya cik. Nawa da suka ƙi duk daga irin waɗannan tsoffin ne, na gaje su daga wani tsohon tarin hotunan da nake ɗauko bango daga ciki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shekara da shekaru manhajojin aikinmu ba su karanta waɗannan kodek da kansu, QuickTime 7 suke tura wa ya karanta musu, shi kuwa tsohon gini ne mai bit 32. A Afrilun 2016 aka gano ɓaraka biyu ta tsaro a QuickTime na Windows, Apple ya daina yi masa gyara, hukumar tsaron intanet ta Amurka ta shawarci jama'a su cire shi. A Afrilun 2018 After Effects, manhajar zanen motsi, ya daina dogaro da shi, sannan macOS Catalina, tsarin kwamfutocin Apple, ya zo a 2019 ya rufe ƙofa ga duk manhajar bit 32. Ni dai ban ga laifin kowa a nan ba, ba wanda zai ci gaba da jingina da bangon da ya tsage. An yi sanarwa tun da wuri, ni ne na ɗauka maganar ba ta shafi ajiyata ba.

Da na san inda matsalar take, sai na yi gaggawa, kuma gaggawar ce ta fi ci mini lokaci. Na ɗauki jakar gaba ɗaya na juya komai zuwa kodek ɗin H.264, har da fayilolin da suke buɗewa ba matsala, wai don komai ya zama bai ɗaya. Da na mayar da su cikin aikin, sai na ga hayaƙin da ya kamata ya riƙa ratsawa a kan tambari ya zo da baƙin allo a bayansa, ya rufe tambarin ruf. Hayaƙin da ƙurar duk an ajiye su ne da kodek ɗin Animation, wanda ke riƙe alfa, wato bayanin da ke nuna wane yanki na hoto ne ake gani ta cikinsa da kuma yawan yadda ake gani. H.264 da na zaɓa ba ya ɗaukar wannan bayanin, sai ya zubar da shi ba tare da ko gargaɗi ba. Gefen hayaƙi mai laushi, wanda ke narkewa a hankali cikin bango, ba abu ne da ake sake zanawa da hannu ba. Allah ya taimake ni ban goge na asalin ba.

Karo na biyu na bi a sannu. Na fara duba kowane fayil da MediaInfo, na rubuta kodek ɗinsa, yawan firem a daƙiƙa, da ko yana da alfa. Waɗanda suke buɗewa na ƙyale su. Waɗanda suka ƙi na ba FFmpeg, manhajar kyauta da har yanzu take karanta Cinepak da Sorenson ba tare da QuickTime ba. Marasa alfa na mayar da su ProRes 422. Masu alfa da nake son su daɗe na yi musu kwafi a ProRes 4444 da wannan umarni:

ffmpeg -i tsoho.mov -c:v prores_ks -profile:v 4 -pix_fmt yuva444p10le sabo.mov

Harafin a da ke cikin yuva shi ne alfa. Harafi ɗaya ne, amma idan ya faɗi hayaƙi ya koma baƙin allo. Bayan kowace juyawa ina ɗora sabo a kan tsoho in kwatanta launi, domin wasu tsoffin fayiloli sukan ɗan yi haske ko duhu bayan juyawa, kuma ido ba ya kamawa sai an jera su. Sabbin fayilolin sun fi na da girma ƙwarai, kuma hoton bai ƙara kyau ba, tun da abin da Cinepak ya zubar tun ranar matsewa ba ya dawowa. Amfanin dai shi ne ba a ƙara asarar komai ba.

Tun daga lokacin na canja yadda nake rufe aiki. Duk abin da na san zan sake nema, ina fitar da shi a jerin hotunan PNG, firem ɗaya hoto ɗaya, sauti kuma daban a WAV. Yana cin wuri, jakar ta cika da ɗaruruwan hotuna, amma PNG yana riƙe alfa, kuma ba ya jiran wani kamfani guda ya ci gaba da kula da shi. Ina kuma ajiye ƙaramar takarda a cikin jakar, mai ɗauke da sunan manhaja, lambar sigarta da kodek ɗin da aka yi amfani da su. Kafin in sabunta kwamfuta kuwa, sai na buɗe tsofaffin ayyuka biyu ko uku a sabuwar siga na tabbatar sun shigo.

Akwai tsohuwar kwamfuta guda da na ƙi sabuntawa, ba na haɗa ta da intanet, aikinta kawai buɗe abin da sauran suka kasa. Na san wata rana za ta daina tashi, shi ya sa duk ƙarshen mako nake ɗauko jaka ɗaya daga tsohuwar ajiya in juye ta. Saura jaka goma sha ɗaya.