Ranar da birki ya yi ta bugun ƙafata

Da damina ne, ina dawowa Kano daga Zariya, an ɗauke ruwa ke nan. Na ɗan wuce Kwanar Dangora sai ga saniya ta faɗo titi. Na danne birki iya ƙarfina, sai na ji fedar tana karkarwa a tafin ƙafata, gaban motar yana gurnani. Na ce shi ke nan, birki ya tsinke, na ɗaga ƙafa. Allah ne ya kiyaye, saniyar ta riga ta haye.

Washegari na kai wa bakanikena motar. Dariya ya yi. "Alhaji, ai lafiyarta ke nan. Kai ne ka yi ganganci da ka ɗaga ƙafa."

Ya cire taya ya nuna min wani zobe mai haƙora, da 'yar sensa a gefensa tana ƙirga juyawar tayar. Kowace taya da tata. Idan kwamfutar motar ta ga wata taya na shirin tsayawa cak alhali mota na gudu, sai ta sassauta mata matsin man birki, ta sake matsewa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Karkarwar da ta firgita ni ke nan. Ita ce ABS, na'urar hana taya ƙullewa; Bosch da Mercedes-Benz sun fito da tasu a 1978. Tayar da ta ƙulle darzar kwalta kawai take, kome ka murɗa sitiyari ba za ta bi ba. Ni kuwa a tsohuwar Fijo na koyi tuƙi, inda ake cewa ka riƙa taka birki kana saki. A wannan motar dannewa ake yi a riƙe, a kauce da sitiyari. Amma a hanyar burji sai da tazara, don a kan tsakuwa takan ƙara nisa kafin ta tsaya.

Sensocin nan ne kuma ke hana taya wulwulawa a banza idan ka taka totur a santsi: kwamfutar ta rage wa inji ƙarfi, ko ta ɗan kama tayar da birki. Wannan ta ba ni kunya a hanyar ƙauyenmu. Na kafe a yashi, ina ba ta wuta tana ƙi, yara suna ta turi. Da na tuna maɓallin da ke kashe na'urar hana wulwulawar, na danna, tayoyin suka watsa wa yaran yashi, muka fita.