Abin da aiki da shanun tatsa ya koyar game da mai a cikin abincinsu

Da rani ya tsananta a yankin Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, saniyar tatsa ta fara ramewa, sai ka ji ana ba mai ita shawarar ya zuba mata man gyaɗa ko na auduga a dusa. Shawarar tana da tushe, domin ƙarfin da mai ke bai wa jiki ya ninka na hatsi sau biyu da ɗoriya. Amma kafin man ya amfani saniya sai ya ratsa tumbi, kuma a nan ake samun matsala.

Saniya ba da kanta take narkar da ciyawa ba. Ƙananan halittun da ke cikin tumbi ne ke cin kara da harawa, kuma daga abin da suke fitarwa ne hantsa ke haɗa wani kaso mai yawa na maiƙon madara. Man da aka zuba daga kwalba yakan lulluɓe ciyawar, ya kuma kashe wasu daga cikin halittun da ke narkar da ita. Sai abinci ya daɗe a ciki, saniya ta rage ci, kashinta ya yi ruwa-ruwa da guntayen kara a ciki. Wanda ya lura da kashin shanu da safe zai gane matsalar kafin ta bayyana a ƙwarya.

Abin da ya fi ɗaure wa masu kiwo kai shi ne a ba saniya mai, amma man shanu ya ragu. Matar da ke kaɗa nono ita ke fara ganewa: ta kaɗa har hannu ya gaji, curin da ya fito bai kai rabin na da ba. Dalilin shi ne, idan mai irin na waken soya ko na gyaɗa ya haɗu da garin masara mai yawa, ga ciyawa kaɗan, tumbi kan yi tsami, sai halittun su juya man ya zama wani sinadari da ke hana hantsa yin maiƙo. Masana a jami'ar Cornell ta Amurka sun bayyana wannan, kuma 'yan giram kaɗan na sinadarin sun isa su yi ɓarnar. Don haka laifin ba na man kaɗai ba ne, har da abin da aka haɗa shi da shi.

Lissafin ba wuya. Duk maiƙon da ke cikin abinci kada ya wuce kashi 6 cikin ɗari na busasshen abin da dabbar ke ci. Saniya mai nauyin kilo 300 tana cin kimanin kilo 8 a rana, ke nan iyakarta giram 480. Ciyawa da dusa sun riga sun kawo wajen giram 200, saura abin da bai kai giram 300 ba. Angurya, wato ƙwayar auduga, kusan kashi 20 cikin ɗari nata mai ne, don haka kilo ɗaya a rana ya kusa cike gurbin. Ta kuma fi man kwalba aminci, tunda yana kulle cikin ɓawo, sai saniya ta yi tuƙa yake fita kaɗan-kaɗan. A raba ta safe da yamma, a fara da kamar cikin hannu biyu, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu, kuma a fara ba da harawa kafin ita.

Turto na masana'anta, wato tunkuzar angurya irin wadda kamfanin auduga na SODECOTON ke fitarwa, an riga an tatse yawancin mansa, amfaninsa na gina jiki ne. Tunkuzar da mata ke matsewa da hannu kuwa tana riƙe da mai sosai, sai a sa ta cikin lissafi. Idan ta yi fumfuna a zubar, domin gubar fumfunar gyaɗa tana bi ta madara, tafasawa kuma ba ta kashe ta. Angurya ma tana da nata dafin, gosifol: babbar saniya tana jure shi, amma maraƙin da bai fara tuƙa ba a nisanta shi da ita, bijimin barbara kuma a taƙaita masa. Mai yana kuma riƙe sinadarin kalsiyam a ciki, shi ya sa ake ƙara garin ƙashi a gishirin lasa.

Wani ɓangare na binciken da aka yi kan wannan batu a kan ɓaunar gida aka yi shi, irin su Murrah ta Indiya da Nili-Ravi ta Pakistan, waɗanda maiƙon madararsu kan kai kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Tamu ɓaunar ta dajin Binuwai ba mai tatsar ta, amma aikin tumbi ɗaya ne, sai dai waɗancan sun fi Gudali da Bunaji girma, don haka awon da aka rubuta dominsu ya yi wa tamu yawa. Irin man ma yana sauya man shanu: na waken soya kan sa shi laushi, ya yi saurin narkewa a zafin Marwa, angurya kuwa tana sa shi tauri.