Gano musabbabin ciwon gwiwa bayan motsa jiki

Kafin a shafa man zafi ko a aika yaro kemis, akwai tambayar da take raba masu ciwon gwiwa gida biyu: za ka iya nuna daidai lokacin da abin ya faru, ko kuwa ciwon lallaɓowa ya yi? Wanda ya ce "na juya zan bi ƙwallo, ƙafa ta kafe a ƙasa, na ji ƙas" rauni ya samu. Wanda ya ce "ban san ranar da ya fara ba, sai dai kullum ƙaruwa yake" galibi lodi ne ya yi wa gwiwar yawa. Hanyar binciken su biyun daban take.

Mai rauni ya lura da kumburi, musamman saurin zuwansa. Gwiwar da ta cika tim cikin awa ɗaya zuwa biyu jini ne ya taru a cikinta, kuma abubuwan da suka fi kawo haka su ne tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda masu kallon ƙwallo suka sani da ACL, ko gocewar ƙoƙon gwiwa, ko tsagewar ƙashi. Kumburin da bai bayyana ba sai dare ko washegari ruwan gaɓa ne, ya fi nuna guringuntsin nan guda biyu masu siffar jinjirin wata da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. In ɗaya ya yage, ciwon yakan tsaya a layin da ƙasusuwan biyu suka haɗu, ya tsananta in an tsuguna ko an murɗa ƙafa. Wani lokaci ɓallin da ya yage kan maƙale, gwiwa ta kulle ta ƙi miƙewa. Wannan ba na jira ba ne.

Likitoci na da ƙa'idar da suke bi wajen yanke ko a ɗauki hoton ƙashi bayan rauni. Ana ɗauka in mutum ya kai shekara 55, ko ya kasa taka ƙafar taku 4, ko ya kasa lanƙwasa gwiwar zuwa digiri 90, ko ƙoƙon gwiwar kaɗai ke zafi in an danna, ko kan siririn ƙashin da ke gefen waje ƙasa da gwiwa. A sani cewa hoton ƙashi ba ya nuna jijiya ko guringuntsi. Mutane da yawa sukan ji an ce hoto lafiya lau sai su koma fili da jijiya a tsinke, gwiwa tana ta zamewa, har guringuntsin ma ya bi sahu. Shi kuwa mai ɗori, ja da murza ba sa haɗa jijiyar da ta tsinke a can cikin gaɓa.

Amma mafi yawan masu ƙorafi ba su faɗi ba, ba su murɗe ba. A nan yatsa ɗaya ya fi komai amfani. Ka zauna, ka miƙe ƙafa, ka nemi wurin da ya fi zafi da kan yatsa.

In ka kasa nunawa da yatsa, sai dai ka dafa tafin hannu a kan ƙoƙon gwiwa ka ce "nan ne, ta ciki", to matsalar tana tsakanin ƙoƙon da kwarin da yake zirya a kansa a ƙarshen ƙashin cinya. Wannan shi ne ya fi kama masu gudu. Alamarsa saukowa daga bene ta fi hawa wuya, tsuguno a banɗaki ya zama aiki, sujada da zaman tahiya suna tayar da shi, haka dogon zama a mota da gwiwa a lanƙwashe. Dalili kuwa, matsin da ke kan ƙoƙon yana ƙaruwa gwargwadon lanƙwasawa: a matakala yakan kai kusan ninki uku na nauyin jiki, a cikakken tsuguno ya zarce haka nesa. Sau da yawa laifin ba na gwiwar ba ne. Tsaya gaban madubi a kan ƙafa ɗaya, ka ɗan durƙusa a hankali sau 5. In gwiwar tana karkatowa ciki, ko ƙugu yana zubewa gefe guda, tsokar ɗuwawu da ta gefen ƙugu ce ba ta riƙe cinya yadda ya kamata. Sai ka gwada ɗaya ƙafar ka ga bambanci.

In yatsa ya sauka daidai a ƙasan ƙoƙon, a bakin jijiyar da ta haɗa shi da ƙwauri, wannan ciwon masu tsalle ne: 'yan ƙwallon raga da na kwando, da masu tsallen igiya. Yana da yaudara. Ya yi zafi a farkon atisaye, ya lafa in jiki ya ɗumama, washegari da safe ya dawo da ƙarfinsa. Shi ya sa ake daɗewa ana wasa a kansa. Hutu zalla ba ya warkar da shi, jijiyar tana bukatar a riƙa ɗora mata nauyi sannu a hankali, kuma abin na watanni ne. A yaro ɗan shekara 10 zuwa 15, in zafin ya ɗan gangara ƙasa zuwa tudun ƙashin da ke saman ƙwauri har wurin ya yi tsiro, ciwon girma ne da ake kira Osgood-Schlatter, yakan lafa in ƙashi ya gama tsawo.

Gefen waje kuma, in zafin yana da kaifi, yana zuwa bayan tazara kusan iri ɗaya kowace rana, ya tsananta a gangara, ya ɗauke in an tsaya, to faffaɗar jijiyar da ta taso daga ƙugu ta bi gefen cinya ce. Gudu kullum a gefe guda na kwalta mai karkata yana taimakawa wajen jawo shi. Gefen ciki a mai shekaru 45 zuwa sama, tare da ƙagewa da safe wadda ba ta wuce rabin awa, ya fi kama da zaizayar gaɓa. Zaizaya ba hujjar daina motsa jiki ba ce, ƙarfafa cinya da rage ƙiba suna cikin manyan magungunanta.

Kada a haɗa duk wannan da tsamin jiki. Shi a naman cinya yake, ba a gaɓa ba, yakan kama ƙafafu biyu, ya kai maƙura tsakanin awa 24 zuwa 72, ya tafi da kansa.

Bayan an gano wurin, sai a waiwayi makonni biyu zuwa huɗu da suka wuce a nemi abin da ya canza. Kusan kullum akwai shi. An ninka tazara, an koma kwalta daga filin yashi, an shigo da hawan tudu, an canza takalmi, ko an dawo bayan hutun azumi an ɗora daga inda aka tsaya kamar ba a huta ba. Numfashi yakan saba da sabon aiki cikin 'yan makonni, jijiya da guringuntsi kuwa sun fi haka nawa, don haka mutum zai ji yana da sauran ƙarfi alhali gwiwa ta ƙoshi. Takalmin gudu ma yana mutuwa, yawanci tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Na gwanjo kuwa ba ka san nawa ya ci kafin ya zo hannunka ba.

Gwajin da ke tabbatar da zargin lodi mai sauƙi ne. Rage aikin da rabi na mako biyu, ka cire tsalle da gangara, ka auna zafin daga 0 zuwa 10. Zafin da bai wuce 3 ba lokacin atisaye, kuma ya koma yadda yake cikin awa 24, ana iya ci gaba a kansa. In ya wuce haka, ko gwiwa ta kumbura, an yi yawa. Sharaɗin gwajin shi ne kada a sha maganin kashe zafi kafin a fita, don zai ɓoye amsar da ake nema. Dama ibuprofen da diclofenac ba abin sha kullum ba ne, musamman ga mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko hawan jini. Ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20 tana rage raɗaɗi, amma ba ta gyara musabbabi. In an yi mako 4 zuwa 6 ana ragewa ana ƙarfafa cinya da ƙugu babu sauƙi, sai a ga likitan ƙashi ko na fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki.

Akwai waɗanda ba sa bukatar wannan gwaji, asibiti za su nufa ranar. Gwiwar da ta yi zafi rau, ta kumbura, ga zazzaɓi, tana iya zama ƙwayar cuta ce a cikin gaɓa, wadda kan cinye guringuntsi cikin kwanaki. Haka sha-raɓar da ta kumbura ta ɗaure a ƙafa ɗaya, don gudan jini na iya toshe jijiyar jini. Sai ciwon da ke tayar da mutum daga barci ko bai motsa ba.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne ƙugu yana aiko da ciwonsa gwiwa. Matashin da ke ɗingishi yana kuka da gwiwa, an duba ba a ga komai ba, a juya masa cinya ciki da waje a gani. In nan ne zafin yake, ƙugun za a ɗauka hoto. Wannan ya fi muhimmanci ga masu sikila, waɗanda kan ƙashin cinyarsu kan lalace saboda ƙarancin jinin da ke isa wurin, kuma a wasunsu gwiwa ce take fara kuka kafin ƙugun.