Daren da sanyi ya cinye mini lambu a Indiyana

Ranar Asabar 9 ga Mayu 2020, muna tsakiyar azumi, na tashi sahur na ɗauki tocila na fita bayan gida. Ina taka ciyawa na ji tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina, ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gishiri. Ledar da na lulluɓe shukokina da ita ta ƙandare. Na ɗaga gefe ɗaya na haska, sai na ga tumatir da yalo suna tsaye, ganyensu kore shar. Na koma ciki na ce wa maiɗakina mun tsira. Ashe ban san komai ba tukuna. Da hantsi ya yi, rana ta taɓa su, sai suka langaɓe suka yi baƙi kamar an kwara musu tafasasshen ruwa. Tumatir ashirin da huɗu, tattasai da attarugu goma sha takwas, yalo goma sha biyu. Ko ɗaya bai tashi ba.

A garin Lafayet na jihar Indiyana a Amurka muke zaune, a bakin kogin Wabash, tsallaken Jami'ar Purdue. Daga baya na ji cewa a wannan safiyar sanyi ya sauka zuwa 27 a ma'aunin Faranhait a Indiyanapolis, babban birnin jihar, wato kusan uku ƙasa da sifili a ma'aunin da muka saba da shi a gida, kuma ba a taɓa rubuta irinsa a watan Mayu ba a tarihin birnin. Wannan bai sanyaya mini rai ba ko kaɗan, domin an gaya mini, ni ne ban ji ba.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da yarana ke kira Kaka, ita ta gaya mini. Tana tsaye a bakin shinge a ƙarshen Afrilu lokacin da nake dashe, ta ce kada in saka tumatir a ƙasa sai bayan Ranar Uwa, wato Lahadi ta biyu a watan Mayu. Na yi mata godiya na ci gaba da aikina. A shekarar, Ranar Uwa ta faɗo 10 ga wata. Kwana ɗaya tak tsakaninta da daren da na yi asara. Har yau in na tuna wannan kwana ɗayan sai raina ya sosu.

Abin da ya ruɗe ni ba rashin sanin lambu ba ne. A yankin Kura na tashi, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, kuma duk wanda ya san Kadawa ya san cewa tumatir da hunturu yake yin kyau. Sanyi ke sa shi ya yi jiki, zafi da damina ke lalata shi. Da wannan ilimin na zo Amurka, shi ya sa da aka ce mini akwai sauran sanyi sai na ce a raina ai tumatir abokin sanyi ne. Amma sanyin jaura na gida, komai tsananinsa, ba ya daskarar da ruwa. Na nan kuwa yana shiga cikin ganye ya mai da ruwan jikinsa ƙanƙara, ƙanƙarar ta yayyaga naman ganyen daga ciki. Shi ya sa da asuba na gan su a tsaye: ƙanƙarar ce ke riƙe da su. Tana narkewa suka zube.

Hukumar hasashen yanayi ta fitar da gargaɗi tun kafin daren, kuma na gani a waya. Ban yi zaune ba, na rufe su. Sai dai da leda na rufe, ledar kuma tana kwance a kan ganye. Leda ba ta riƙe ɗumi, duk inda ta taɓa sanyi ya ratsa kai tsaye. Kaka da tsofaffin zannuwan gado ta rufe ƴan furanninta, ta kafa sanduna don kada zanen ya danne su, ta saukar da gefensa har ƙasa ta danne da bulo, saboda ɗumin da ƙasa ta sha da rana ya tsaya a ciki. Da yamma ma ta shayar da wurin, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe zafi. Nata duk sun kwana lafiya. Ga shi kuma lambuna a kwarin bayan gida yake, inda iska mai sanyi ke gangarowa ta taru kamar ruwa a fadama. A daren babu gajimare, babu iska, taurari tar a sama. Yanzu na san irin wannan daren shi ne abin tsoro, ba mai hadari ba.

Tumatir bai dame ni ba sosai, na je wurin masu sayar da dashe na sayo wasu. Attarugu ma na sami mai kama da shi. Yalon ne ya ci mini rai. Irin namu ne, fari mai ratsin kore da ɗan ɗaci, wani ɗan'uwa Bahaushe ɗan Kumasi da ke zaune a Shikago ya ba ni ƴan ƙwayoyi a takarda daga wanda yake adanawa. Tun watan Maris na shuka su a kofunan yogot a ƙarƙashin fitila, lokacin da korona ta tsare kowa a gida, kullum sai na duba su safe da yamma. Babban kuskurena, wanda ya fi na leda, shi ne na shuka irin gaba ɗaya ban rage ko ƙwaya ba, sannan na dashe su gaba ɗaya a rana ɗaya. Da na bar huɗu a cikin gida da na ci yalo a shekarar. Sai da na jira shekara guda cur.

Latas da kabeji da albasa kuwa ko gezau ba su yi ba, suna gefe ɗaya da waɗanda suka mutu. Nan na gane lambun nan kashi biyu ne. Akwai masu jure sanyi, waɗanda ake sakawa tun Afrilu. Akwai ƴan zafi, kuma kusan duk abin da Bahaushe ke marmarin miya da shi a cikinsu yake: kuɓewa, yalo, tattasai, alayyafo, rama, yakuwa. Kuɓewa ta fi kowa tsirfa. In ƙasa ba ta yi ɗumin da ya kai wajen 65 zuwa 70 a Faranhait ba, irin ruɓewa yake yi a rami. Na sayi ɗan ma'aunin zafin ƙasa mai tsinke, kuma ba na shuka ta sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. In Yuli ya shigo da zafinsa mai gumi sai ta rama, har sai ana tsinka duk bayan kwana biyu.

Yakuwa ta zo mini da nata mamakin. Ta yi tsawo ta yi ganye, mun sha miya har mun raba wa mutane, amma ina ta jiran zoɓo shiru. Ba ta fure sai yini ya gajarta, a nan kuwa hakan sai wajen ƙarshen Satumba, kuma a Oktoba raɓa mai daskarewa take dawowa ta kashe ta. Wata biyar ne kawai a hannunka, daga tsakiyar Mayu. Yanzu don ganye nake shuka ta, zoɓon kuwa a shagon ƴan Afirka nake saye.

A shekarar da ta biyo, ɗan'uwan nan ya sake aiko mini da irin yalo. Na raba shi biyu, rabi na zuba a kwalba na rufe na ajiye. Afrilu ya zo da kwanaki masu daɗi, hannuna yana ƙaiƙayi. Maiɗakina ta ce, "Maigida, ka tuna bara." Ranar 20 ga Afrilu 2021 dusar ƙanƙara ta sauka a tsakiyar Indiyana, ta rufe ciyawa da furannin itatuwa, shukokina suna kan tebur a ɗaki ina kallonta ta taga. Sai bayan tsakiyar Mayu na fara fitar da su, awa biyu a inuwa ranar farko, ina ƙarawa kullum har mako guda don su saba da iska da rana. Na mai da lambun gefen kudu na gida, kusa da bango, na bar kwarin nan ga kabeji. Takwas na dasa, huɗu na riƙe a ciki sai da wani makon ya zagayo.

A watan Agusta na tsinki yalon farko. Na wanke uku na kai wa Kaka a faranti da ɗan ƙuli-ƙuli. Ta gatsa ta yamutsa fuska saboda ɗacin, ta cinye, sannan ta tambaye ni ko na ware wanda zan bari ya nuna don iri. Na nuna mata biyu da na ɗaura wa jan zare a jikin reshe.