Ranar da ragonmu ya yi magana

Asabar da dare, saura kwana huɗu Babbar Sallah.

Yau ragon layyarmu ya yi magana a wani bidiyo da na haɗa da ƙirƙirarriyar basira (AI), duk gidan nan babu wanda bai riƙe ciki ba. Amma ba ragon ne ya hana ni kwanciya ba har ƙarfe sha ɗaya da rabi. Bari dai in ɗauko zancen daga safe.

Rana na fitowa na fita tsakar gida da waya a hannu. Ragon yana ɗaure a gindin darbejiya, ya gama cin dusa yana tuƙa. Hoto ɗaya tak nake nema, amma mai sharaɗi: ya fuskanci kyamara sak, idanu biyu a fili, baki a rufe, haske a fuskarsa ba a bayansa ba. Rago kuwa ina ruwansa da sharaɗina. In na durƙusa ya kawo kai zai tunkuye ni, in na ja baya ya juya mini ƙeya. Sai da ƙanwata ta tsaya a bayana ta ɗaga damin harawa saitin kaina, sannan ya ɗago ya ƙura mata ido kamar mai jiran hukunci. A nan na samu. Hoto wajen arba'in na goge kafin wannan.

Maganar da zai yi tun jiya na rubuta ta, ba ta wuce daƙiƙa 20 ba:

"Salamu alaikum mutanen gida, tambaya gare ni. Wata uku ina nan ba wanda ya kula ni, yau kowa sai shafa ni yake, har da ƙarin dusa. Jiya na ji ana wasa wuƙa a zaure, wai ta yankan albasa ce. Ga igiya a wuya, ga shan wuya. Don Allah wanda ya san hanyar rugarmu ya yi mini kwatance."

Da farko na ba wata manhaja mai karanta rubutu ta karanta. Murya garau, amma da ta zo "igiya a wuya" da "shan wuya" sai ta faɗe su da sauti ɗaya. To ai a nan dariyar take. Wuyan da ake ɗaura wa igiya, murya sama take farawa ta sauka. Wuyar da ake sha, ƙasa take farawa ta hau. Bahaushe bai taɓa buƙatar a rubuta masa wannan ba, kunnensa ya sani, na'ura kuwa haruffa huɗu kawai take gani. Na bar ta. Na shiga ɗaki, na rufe taga, na lulluɓa da bargo saboda kada amsa-kuwwa da carar zakaran maƙwabta su shiga, na faɗa da bakina har sau shida. Na shidan na ɗauka, na kai CapCut, manhajar gyaran bidiyo, na ɗan ƙara masa kauri, na yanko kukan ragon na gaske na liƙa a ƙarshe.

Abin da ke burge ni a wannan fasaha ta ƙirƙirarriyar basira mai sa hoto magana shi ne, ko kalma ɗaya ba ta fahimta, sauti kawai take bi. Bidiyo ai hotuna ne a jere, 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. Na'urar tana yayyanka muryar gutsi-gutsi, kowane gutsure ta duba irin buɗewar bakin da ta dace da shi, ta zana a hoton da ya zo daidai wurin. Ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya ita ce Wav2Lip, wadda masu bincike a Haidarabad ta Indiya suka fitar a 2020. Dabararsu ta tsaya mini a rai: ɓangare ɗaya yana zana baki, wani ɓangaren yana zaune kamar alƙali yana duba ko bakin ya dace da sautin, in bai dace ba a sake. Da dubban guntayen bidiyo na shirye-shiryen talabijin na BBC suka horar da ita. Yanzu ga manhajoji irin su Hedra, ga HeyGen, ga D-ID, daga wayarka za ka ɗora hoto da murya ka jira.

Manhajar farko da na gwada cewa ta yi ba ta ga fuska ba, don fuskar ɗan Adam take nema. Ta biyu ta karɓa. Na jira kamar minti huɗu, sai ga rago yana buɗe baki yana sallama. Raina ya yi fari ƙal, na ruga zaure na nuna wa Baba. Ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da tabarau, ya kalla sau biyu bai yi dariya ba, ya ce, "Wannan ba ragona ba ne. Ka taɓa ganin rago da haƙoran gaba a sama?" Na duba, wallahi haka ne. Ta jera masa fararen haƙora sama da ƙasa irin na mutum, alhali rago a saman gaba dasashi ne kawai mai tauri, haƙoran a ƙasa suke. Kullum ina ganin raguna, ban taɓa lura ba sai yau. Baba ya yi kiwo da ƙuruciya, shi kallo ɗaya ya ishe shi.

Na koma na rubuta wa manhajar cewa kada haƙoran sama su fito, kuma kada kan ya cika motsi. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, sabis ya yi ƙasa, sai bayan azahar sabon bidiyon ya sauka. Shi ne ya yi. A daidai "wai ta yankan albasa ce" ragon ya ɗan karkatar da kai ya lumshe ido ɗaya, abin da ni ban ce a yi ba. Na sa rubutun maganar a ƙasa, na rubuta a kusurwa cewa da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa. Na san ba mai zaton rago ya iya Hausa, amma so nake hannuna ya saba.

Bayan la'asar aka taru. Umma ta ajiye tankaɗe tana share hawaye da gefen mayafi. Baba ya ce "Allah Ya shirya" yana murmushi. Yara suka ruga gindin darbejiya suna tambayar ragon ko da gaske gudu zai yi, shi kuwa yana ta tuƙarsa.

Na tura zauren danginmu na WhatsApp, ba a yi rabin awa ba ɗan kawuna na Kano ya kira. Taubashina ne, ga shi Bakano ni Bazazzagi, wasanmu ninki biyu ne. Ya gama tsokanarsa, sai ya sauke murya ya ce akwai wani maƙwabcin shagonsa da suke 'yar tsama, zai turo mini hotonsa in sa shi ya ce shi maƙaryaci ne kuma ba ya biyan bashi, a yi dariya a layinsu. Na ce masa a'a, kuma ban yi kwana-kwana ba. Mutumin nan yana da mata da 'ya'ya, yana da masu ba shi kaya bashi. Bidiyo in ya bar wayarka ba ka da linzaminsa, wani zai yanke rubutun kusurwa ya tura gaba, tsohuwa a ƙauye ta gani ta rantse ta ji da kunnenta. Na tuna masa a watan Maris na 2022 an yi wa shugaban Yukiren, Zelensky, irin wannan, aka nuna shi yana cewa sojojinsa su ajiye makamai, sai da ya fito da kansa ya ƙaryata. Shi shugaban ƙasa ne, duniya na sauraronsa. Mai shago a lungu wa zai tsaya ya ji nasa bayanin? Na ce in dariya yake so ya turo nasa hoton, in sa shi ya ce Zazzau ta fi Kano. Ya ce har abada. Minti goma bayan nan sai ga hotonsa ya shigo, ya sha hula zanna.

Bayan isha'i Kaka ta aiko a kira ni.

"Maigida, zo nan da abin naka mai sa dabba surutu."

"Ga ni, amarya. Kuɗin cefane ne ya ƙare?"

Ba ta biye mini ba. Ta sa na jawo mata adakarta daga ƙarƙashin gado, ta zaro wani hoto a naɗe cikin ɗankwali. Baƙi da fari ne, gefensa ya cinye. A wani shagon hoto na Sabon Gari aka ɗauke su shekarar aurensu: ita a zaune kan kujera, hannu bisa gwiwa, Malam kakanmu a tsaye daga dama da babbar riga, fuska ba wasa. Shekara tara ke nan da rasuwarsa.

Ta ɗora yatsa a kansa ta ce, "Shi ma zai iya?"

Gabana ya faɗi. Na san ana yi. Tun 2021 kamfanin MyHeritage ya fito da abin da ke sa hotunan mamata su ƙifta ido su yi murmushi, da gangan suka ƙi sa murya a lokacin, bayan shekara guda kuma suka kawo mai magana. Na faɗa mata gaskiya: bakin zai motsa, amma maganar ni zan ƙaga, muryar ma ba tasa ba ce. Ta yi shiru mai tsawo, tana shafa gefen hoton.

"A'a," ta ce. "Malam yana da rai ma magana ba ta dame shi ba. Abin da ya faɗa ya faɗa, an rubuta masa. Kada ka ƙara masa ko harafi. Ni ce mai baki, kuma ga ni. Yi da ni."

Na ɗauki hoton da waya, na yanko ɓangarenta ita kaɗai. Ta gyara zama, ta yi gyaran murya, ta faɗa ba tare da an rubuta mata komai ba: "Ina kishiyoyin nawa 'yan matan zamani? Ku zo ku ga kyau ba hoda ba jan-baki. Fura da nono kawai muka sha. Mai son kallon amarya ya ajiye tukuici."

Da ya fito, yarinya 'yar shekara sha bakwai ta buɗe baki da muryar tsohuwa. Ƙannena mata suka cika ɗakin da shewa. Kaka kuwa ta ce a maimaita, ta sa ido sosai, ta ce, "Me ya sa take cizon leɓe in za ta ce fura? Ni ban taɓa magana haka ba." Ta yi gaskiya. Mu in za mu ce fura, leɓɓa biyu ne ke matsowa kusa da juna iska ta wuce. Bature ne ke ɗora haƙori a leɓen ƙasa, na'urar kuma bakin Turawa ta fi kallo lokacin da take koyo. Kaka ta ce to a cire furar, a ce koko da ƙosai. Muka sake ɗauka. Na mayar da ita cikin cikakken hoton, wurinta na asali, tana magana tana juya ido, Malam na tsaye a gefenta yadda mai hoto ya tsayar da shi.

Ta kafa mini sharaɗi: dangi kawai, kada ya hau TikTok. Na ce na ji.

Sau biyar ta kalla ina zaune. A na farko da na biyu kanta take kallo tana dariya. Daga na uku na lura idonta ya koma ɓangaren dama, can ya tsaya. Da na miƙa hannu zan karɓi wayar ta ce in bar mata zuwa safe, in dai nuna mata inda ake dannawa. Na nuna mata, na sa wayar a caji kusa da filonta. A kwamfuta nake wannan rubutu, ta taga kuma ina jiyo muryarta ƙasa-ƙasa daga ɗakin, ta sake farowa daga "Ina kishiyoyin nawa".