Lyndon Johnson: Selma ranar Lahadi, Da Nang ranar Litinin

Ranar Lahadi 7 ga Maris 1965, 'yan sandan Alabama suka far wa baƙaƙen fata masu neman 'yancin zaɓe a kan gadar Edmund Pettus da ke Selma, da kulake da barkonon tsohuwa. Washegari sojojin ruwan Amurka kimanin 3,500 suka sauka a Da Nang, Kudancin Biyetnam. Duka a hannun shugaba ɗaya, Lyndon Johnson.

A gida, mutumin ya san Majalisa kamar yunwar cikinsa. Sanatocin jihohin Kudancin Amurka sun tare dokar 'yancin jama'a ta 1964 da dogon surutu don kada a kai ga ƙuri'a, kuma a lokacin sai da ƙuri'a 67 ake rufe muhawara. Aka shawo kan Everett Dirksen, jagoran 'yan Republican, aka samu 71 da 29. Johnson ya sa hannu kan dokar ranar 2 ga Yuli.

Abin da ya fi burge ni shi ne dokokinsa ba su tsaya a takarda ba. Dokar zaɓe ta 6 ga Agusta 1965 ta dakatar da jarrabawar karatu da ake kayar da baƙaƙe da ita, ta ba gwamnatin tarayya ikon tura masu rajista, ta kuma hana wasu jihohi taɓa ƙa'idar zaɓe sai da amincewar Washington. A Mississippi, baƙaƙen da ke da rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. Zuwa 1967 sun doshi kashi 60. Haka Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi: asibitin da ke ware majinyata bisa launi ba ya ganin ko sisi. Kuɗi ya yi abin da wa'azi ya kasa.

A Biyetnam kuwa ya yi wa jama'a rufa-rufa. Ƙudurin Tekun Tonkin da Majalisa ta zartar a Agusta 1964 ya ba shi wuƙa da nama kan yaƙin, sanatoci biyu kacal suka ƙi, alhali hari na biyu kan jiragen ruwan Amurka da aka kafa hujja da shi daga baya an gano bai auku ba. Ya yi ta jinkirta ƙarin haraji don kada Majalisa ta zaftare kuɗin yaƙi da talauci, sai tsadar kaya ta kunno kai. Ƙarin kashi 10 bai zama doka ba sai 1968. A lokacin sojojinsa a can sun haura 500,000, harin Tet, babban farmakin da 'yan gurguzu suka kai a farkon 1968, ya ƙaryata batun cewa nasara ta kusa. Ranar 31 ga Maris 1968 ya fito a talabijin ya ce ba zai sake tsayawa takara ba.