Darussa daga sansanonin sojan waje a Nijar

Mai nazarin tsaro a Yamai, ɗan jarida ne ko ɗalibin jami'a, yakan fara da ƙidayar kawuna: Faransa na da soja wajen 1,500 kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Amurka kuma kimanin 1,000. Ba a daɗewa ake gane cewa wannan lissafi bai nuna wanda ke riƙe da akalar yaƙi da masu iƙirarin jihadi ba.

Takarda ake fara nema. Ranar 16 ga Maris 2024, da kakakin gwamnatin soja Kanal-Manjo Amadou Abdramane ya karanta sanarwar soke yarjejeniyar soja da Amurka, ƙorafinsa shi ne an ƙulla ta tun 2012 da wasiƙar diflomasiyya kawai, ba ta bi ta majalisar dokoki ba. To, duk takarda irin wannan da ta zo hannunka, duba ko duwan na da ikon buɗe kayan baƙon, wace kotu ce za ta hukunta sojansa in ya yi laifi, kuma wa'adin kwana nawa ake ba shi in an ce ya tattara.

Amma inda aka fi ƙaruwa shi ne bin sawun tankar mai. Sansani ciki ne da shi, kullum sai ya ci: man jirgi, gazuwal na janareto, ruwan sha, tayoyi, matatun iska da ƙurar hunturu ke toshewa. Nijar ba ta da teku, don haka mafi nauyin kayan ta mota yake zuwa, ya ratsa garuruwan mutane. A Nuwamban 2021 wani ayarin Barkhane, rundunar Faransa a yankin Sahel, da ya taso daga Abijan zuwa Gao ta Mali ya maƙale kwanaki a Kaya ta Burkina Faso, ya shigo Tera ta Nijar matasa suka sake tare shi, aka yi harbi, mutum uku suka rasu. Tun ranar masu lura suka san Faransa ta fara rasa hanya, kuma wanda ya rasa hanya zamansa ya zama na aro. Haka aka gani a 2023. Jama'a suka kafa zaman dirshan a shataletalen Escadrille, bakin sansani na 101, sansanin sojan sama na Yamai inda sojan Faransa suke. Iyakar Benin a rufe take, babu zancen tashar Kwatano, dole ayarin Faransa da suka kwaso kaya daga Ouallam da Yamai suka miƙa gabas zuwa Njamena, tafiyar da ta haura kilomita 1,500. Sai 22 ga Disamba sojan ƙarshe ya tashi, wata uku bayan shugaban Faransa Macron ya ce za su fita.

Sai maganar ido a sama. Sansani na 201 da Amurka ta gina a Agadas ya lashe dala miliyan 110 ko kusa da haka, ya fara aiki a 2019. Jirgin MQ-9 maras matuƙi na iya yin sama da awa 20 yana shawagi, sai dai jirgin shi ne ƙaramin ɓangare na aikin. Akwai masu ɗaga shi da saukar da shi, akwai layin tauraron ɗan adam, akwai masu fassara hoton, waɗanda galibi ba ma a nahiyar suke ba. Hoton kuwa hannun mai jirgi yake fara faɗawa, shi ke zaɓar abin da zai miƙa wa mai masauki da lokacin da zai miƙa. Labarin da ya iso bayan awa biyu, mahara masu babura sun riga sun watse cikin daji. A Inates an kashe sojan Nijar 71 a Disamban 2019, wata guda bayan haka 89 a Chinagodrar. A Maris na 2021 an hallaka farar hula sama da 130 a ƙauyukan Tillia ta jihar Tawa, yankin da Jamusawa suka horar da dakaru na musamman. Ba a ce baƙin ba su tsinana komai ba, horo dai an samu. Kowannensu kuwa da abin da ya kawo shi: wani kudancin Libiya yake leƙe, wani hanyar ƴan ci-rani, wani uraniyom ɗin Arlit.

Canjin aboki ma da kuɗinsa. A Afrilun 2024 masu horarwa na Rasha suka sauka Yamai da na'urorin kariyar sararin sama, har suka zauna a wani sashe na 101 alhali Amurkawa ba su gama kwashe kaya ba. Amurkawan sun bar 101 a Yuli, suka miƙa 201 ranar 5 ga Agusta. Jamus ta bi su a ƙarshen watan, Italiya kuma ta yi zamanta shiru. Yanzu a rumfunan jiragen sojan Nijar za ka tarar da C-130 na Amurka, da Bayraktar TB2 na Turkiyya, da jirage masu saukar ungulu ƙirar Rasha. Kowanne da makanikinsa, da littafin gyaransa, da inda ake odar kayansa. Dokar Amurka tana dakatar da yawancin taimakon soja da zarar Washintan ta kira abu juyin mulki, kuma ta kira shi haka a Oktoban 2023. Famfon mai guda ɗaya in ya lalace babu madadinsa a sito, jirgin nan a ƙasa zai kwana, ko da tankinsa cike yake kuma matuƙinsa na zaune a inuwar fiffike.